A taimaka da Hausar "earworm", gobe zan shiga situdiyo

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da hantsi zan naɗi shirin kimiyya a kan waƙar nan da ke maƙale wa mutum a ka, yana wanke-wanke tana ta juyawa, ko da ba ya sonta. Turawa na ce mata earworm, sun aro daga Jamusanci, Ohrwurm. Binciken da Kelly Jakubowski ta jagoranta a Ingila a 2016 ya nuna irin waɗannan waƙoƙi sukan zo da sauri, karinsu ya hau ya sauka yadda kunne ya saba, sannan a ɗan yi wani tsalle da ba a zata ba. Bayani ya samu, suna ne ya gagara.

Bazazzagiya: Tsutsar kunne mana.

Mai shirin rediyo: Haba Yaya, in na faɗi haka a iska ai tsofaffi za su yi ta bugo waya suna neman magani.

Basakkwace: Mu da ke da gindin waƙa mi za mu nema wurin Bature? Makaɗi ya kawo ɗa guda, 'yan amshi su koma gindi, ya kawo wani su sake komawa. Kafin a tashi kowa ya haddace.

Tsohon malami: Gindi yana cikin waƙa, abin da yaron nan ke nema yana cikin kan mai sauraro. Ku ce ƙarangiya. Ba ka gayyace ta ba, ka ratsa gona kawai ta kama wando, ka cire ta kama yatsa. Shekara da shekaru haka nake gaya wa ɗalibaina.

Ɗan Maraɗi: Ko waswasin waƙa?

Tsohon malami: Larabci ne, kuma kowa ya san inda waswasi ke kai hankali. Ƙarangiya.

Bazazzagiya: Allah gafarta Malam, ita "kimiyya" da ke sunan shirin, daga wace unguwar Kano ta fito? Sannan yaran yanzu da suka tashi kan kwalta, nawa suka taɓa taka ƙarangiya?

Tsohon malami: To sai mu zubar da kalma don 'yan birni sun manta ta? Wannan shi ne ciwonmu.

Basakkwace: Ciwon Kanawa dai. Mu ba mu manta ba.

Ɗan Maraɗi: An fara ke nan. Ku bar wannan, mutum na da aiki gobe. Me ya hana "waƙa mai naci"? Ko kakata za ta gane.

Mai shirin rediyo: Ita zan ɗauka. Malam, zan kawo ƙarangiya a matsayin misali, in ce daga bakinka na ji. A ƙarshe kuma zan ambaci gwajin Jami'ar Reading na 2015, inda aka ga taunar cingam na rage nacin.

Tsohon malami: Siffa ce wannan, ba suna ba. Amma je ka, shirinka ne. Shi cingam ɗin wa ya ba ku izininsa?