Bayan lasisi ya zo hannu: yadda tsofaffin 'yan rediyo suka karɓe mu

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son waɗanda suka riga ni shiga harkar rediyon sha'awa, wato yin magana da juna ta rediyo don sha'awa ba don kasuwanci ba, su ba ni labarin irin tarbar da aka yi musu da lasisinsu ya fito. Nawa bai daɗe ba, na matakin farko ne, a Amurka na zauna jarrabawar: tambaya 35, ana son ka ci 26. Na ci, na sayi oba-oba ƙirar Baofeng, na saita ta a kan rifitar da ke kusa da ni, wato na'urar nan da ake ɗorawa a kan tudu ko dogon bene, ta karɓi maganarka a wata mita ta sake watsa ta a wata. In na faɗi lambar kirana, wato haruffa da alƙaluman da ke zuwa da lasisi a matsayin sunan mutum a iska, sai tsit. Jim kaɗan wani ya kira abokinsa su ɓarke da hirar ciwon gwiwa. Ranar da aka amsa mini, tambayar farko ita ce da wace na'ura nake magana, da na faɗa sai mutumin ya ce ai daga ji an sani. A taron kulob kuma wani dattijo ya ce lasisin yanzu haddar amsoshi ne kawai. Kowa haka ya sha, ko ni ne ban gano ƙofar shiga ba?

Mai Dogon Waya:
Wa alaikumus salam. Kai ma da sauƙi, ɗan'uwa. Mu a Ingila lambar kiran ce take tona maka asiri tun kafin ka gama sallama. Duk wanda ya ji M3, M6 ko M7 ya san ɗan ajin farko ne. A 2002 aka ƙirƙiro wannan matakin, kuma lokacin da na shiga wat 10 kawai aka yarje mana, masu cikakken lasisi kuwa wat 400. Sai a 2024 aka ɗaga namu zuwa 25, na tsakiya zuwa 100, na manya zuwa 1000.

Ni ba shiru aka yi mini ba, zargi na sha. Na miƙa waya tsakanin bango da bishiya, tsawonta kusan mita 10, kebul a tsakiya, na hau zangon mita 20, ɗaya daga cikin rukunan mitocin da aka ware mana, da wat ɗina 10. Wata yamma iska ta yi kyau, wani daga Kanada ya ji ni tangaram. Muna gamawa sai wani na kusa ya shigo ya ce ba yadda za a yi wat 10 ya yi wannan ƙarfin, in faɗi gaskiya nawa na murɗa. Abin ya ci mini rai, don mutumin ya fi ni sanin lissafin. In ka ninka ƙarfi sau huɗu, desibel 6 ka ƙara, wato kusan gaɓa ɗaya a ma'aunin sigina na rediyon mai saurarenka. Daga wat 10 zuwa 160 gaɓa biyu ce kacal. In sararin sama ya buɗe, eriya ta samu tsayi, gaɓa biyun nan ba ta hana a ji mutum. Ya san haka sarai. Lambar ce ta tsone masa ido.

Amma kuma wanda ya zo har gida da na'urar awon eriya, ya hau tsani da shekarunsa ya rage mini tsawon wayar har ta daidaita, shi ma tsohon hannu ne, kuma ko sisi bai karɓa ba. Don haka ba na yi musu kuɗin goro.

Baba Mos:
To yara, ku bari mu da ake ƙara mu ce wani abu. A zamaninmu dokar duniya ce, ba ka taɓa gajeren zango, wato ƙasa da megahaz 30, sai ka nuna kana iya aikawa da karɓar saƙon Morse, wato haruffa da gajere da dogon sauti. A Amurka matakai uku ne, kalma 5, 13 da 20 a minti. A Ingila 12. Ka zauna gaban mai jarrabawa, abin ji a kunne, fensir na rawa a hannu. A 2003 taron ITU, hukumar sadarwa ta duniya, a Janeba ya bar wa kowace ƙasa zaɓi, Ingila ta sauke sharaɗin a shekarar, Amurka ta bi a 2007. Wanda ya yi wata da watanni yana fama kafin a buɗe masa ƙofa, ya wayi gari an cire ƙyauren, dole ya ji wani iri. Ɗan Adam ne.

Ni dai ba Morse nake nema a wurin sabo ba. Kunne nake nema. Koyon Morse yana tilasta maka dogon sauraro, kafin ka furta kalma ɗaya ka san yadda ake shiga da yadda ake fita. Yanzu sai yaro ya karɓi takarda da safe, da yamma yana danna makirufo a kan mutanen da ke tsakiyar magana, bai tambaya ko akwai mai amfani da mitar ba. Kwanaki ina bin wata tasha da ba a cika samu ba, mai ita yana ta maimaita cewa kilohaz 5 sama da mitar da yake watsawa yake sauraro. Wani yaro ya tsaya a kan mitar da mutumin ke watsawa yana ta kira, ya toshe wa duniya guda kunne. Masu tsawa suka yi masa caa, su ma suka ƙara dagula wurin, kuma wallahi yawancin masu tsawar ba yara ba ne. Daga baya na nemo yaron na nuna masa maɓallin da ke raba mitar aikawa da ta karɓa. Minti biyu aka yi. Ba wanda ya taɓa nuna masa, kuma jarrabawa ba ta sa hannun mutum a kan maɓalli.

Umman Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba kullum rashin kunne ke jawo wa mutum raini ba. Ni na daɗe ina sauraro kafin in yi magana. Da na yi, amsa ta zo kamar ruwa, don muryar mace ba ta da yawa a mitocin nan. Sai dai bayan gaisuwa tambayar ɗaya ce: tashar maigida ce ko ta mahaifinki? Wa ya ɗaura miki eriyar? Ni na yanka bututun, ni na liƙa mahaɗin kebul da dalma, maigidan nawa ko kunna rediyon bai iya ba.

Abin da ya sauya zance ba gardama ba ce. Kulob ɗinmu yana da zaman mako-mako a kan rifita, mutum ɗaya ke jan ragama, yana kiran sunaye, yana rubuta waɗanda suka shigo, yana ba kowa dama bi da bi. Aiki ne da kowa ke gudu. Na ce a ba ni. Duk wanda ya riƙe wannan aikin dole ya iya kama lambar kira cikin hayaniya, ya san wa ya riga wa, ya iya katse mai dogon bayani ba tare da ya ɓata masa ba. Ana haka sai na lura an daina tambayar tashar waye, an koma tambayata ko na ji wane ya shigo.

Sabon Hannu, game da shirun da kake samu: ka tabbatar ana ma jin ka tukuna. A zangon mita 2 tazarar da ke tsakanin mitar karɓa da ta aikawa yawanci kilohaz 600 ce, kuma rifitoci da dama ba sa buɗewa sai rediyonka ya haɗa da wani siririn sauti da kunne bai cika kamawa ba. In ɗayan biyun bai daidaita ba, kana jin kowa, ba mai jin ka. Kuma guntuwar eriyar roba da ke zuwa da oba-oba ba ta da kirki a cikin ɗaki. In duk wannan lafiya lau ne, kada ka faɗi lamba kawai ka yi shiru. Ka ce kana neman a gaya maka yadda siginarka take. Mutanen nan ba sa iya ƙin amsa wannan tambayar.

Malamin Kimiyya:
Wani abin dariya a harkar nan shi ne duk wanda ke cewa na baya ba 'yan rediyon gaske ba ne, shi ma an taɓa faɗa masa. A shekarun 1950 da 1960 masu AM, tsohuwar hanyar aika murya, sun yi ta yi wa masu sabuwar hanya ta SSB ba'a cewa muryarsu kukan agwagwa ce, yau kuwa SSB ce hanyar magana a gajeren zango. A 1951 Amurka ta fito da lasisin 'yan koyo aka yi gunaguni, a 1991 ta fito da wanda babu Morse aka sake yi. Kai, su kansu 'yan sha'awar, dokar Amurka ta 1912 ta kora su zuwa zangon mita 200 da ƙasa don ana ganin wurin ba shi da amfani, sai ga shi a Nuwamban 1923 Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka a wajen mita 100 da 'yan kai.

Nawa labarin na ɗalibai ne. Na kai wasu da suka ci matakin farko taron kulob, aka ajiye su a kujerun baya, ba wanda ya ce musu ci kanku. Suka dawo makaranta suka haɗa eriya da tef ɗin awo na ƙarfe da bututun roba, suka tsaya a fili suna bin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da hannu, a megahaz 145.800, har suka sauko da hoton da take watsawa. Da suka kai hoton taro na gaba, dattijon da ya fi kowa ɗaure fuska shi ya fara jawo kujera yana tambayar yadda suka san lokacin wucewarta. Shekaru yana harkar bai taɓa ɗaga eriya sama ba.

Ɗan Kwamfuta:
Ni laifina FT8, wato hanyar aika gajeren saƙon rubutu ta rediyo da taimakon kwamfuta. A bene nake zaune, caja da fitilun maƙwabta sun cika mini zango da ƙara, murya ba ta ratsawa. FT8 kuwa, wadda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, tana tsamo sigina daga ƙarƙashin hayaniya inda kunne ba ya jin komai. Kowane ɓangare daƙiƙa 15 yake aikawa, sai ya saurara 15. Da ita na haɗa ƙasashe da dama da 'yar waya a baranda. Da na ambata a kulob aka ce kwamfutarka ce ta yi hira da tasu, kai me ka yi? Na ce Taylor ɗin nan fa ɗan rediyo ne tun yana saurayi, kuma ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993. Aka ce ko ma waye.

Ba a jima ba wanda ya fi kowa zafi a maganar ya kira ni a ɓoye, wai ya sa manhajar WSJT-X da ake yin FT8 da ita, yana ganin sigina birjik a megahaz 14.074 amma ko ɗaya ba ta fassaruwa. Agogon kwamfutarsa ne ya kauce da 'yan daƙiƙu. Na daidaita masa. Har yau a gaban jama'a cewa yake ba rediyo ba ce, ni kuwa ina ganin lambarsa a allo kusan kowane dare.

Baba Mos:
Ɗan Kwamfuta, ba ni ba ne dai ko? Ni har gobe ban ga daɗin hirar da ba a tambayi lafiyar iyali ba. Amma na yarda wanda ya sa waya ta yi aiki a baranda cikin wannan ƙarar ya san wani abu game da eriya.

Mai Saurare:
Ku da kuke inda 'yan rediyo suka yi yawa, matsalarku daban. Inda nake ana iya ƙirga masu lasisi da yatsu. Wahalar ba jarrabawar ba ce, samun wanda zai gaya maka inda ake yin ta ne. Na yi ta zirga-zirga a wani ofis inda jami'in ya ɗauka gidan rediyon kasuwanci nake son buɗewa, yana tambayata jadawalin shirye-shirye da kuɗin talla. Sai da na yi masa bayanin cewa doka ma ta hana mu kasuwanci da sa kiɗa a waɗannan mitoci.

Da lambar ta fito sai na faɗa wata duniya. Akwai shaidar DXCC da ƙungiyar 'yan rediyon Amurka, ARRL, ke ba wanda ya tabbatar da tuntuɓar ƙasashe da yankuna 100, kuma haruffan farko na lambar kira su ke nuna ƙasar mutum. Tawa tana cikin waɗanda ake nema ido rufe. Kiran CQ na farko da na yi, wato kiran duk mai ji ya amsa, Turai gaba ɗaya ta rufto mini, lamba a kan lamba, ba na iya tsinto ko harafi biyu a jere. Mutanen da suka yi shekara 40 a harkar suna jiran sabon shiga ya kira su. Ba raini a nan, amma ba haƙuri ma. In ka yi jinkiri a yi ta kira a kanka, in ka tsaya gaisawa da wani a ce kana ɓata lokaci, 59, wato ina jin ka tangaram, kawai ake so ka ce ka wuce. Kuma babu dattijo a kusa da zai zauna gefena.

Wanda ya koya mini yadda ake sarrafa cunkoson, a tauraron ɗan Adam na QO-100 muka haɗu, wanda aka harba a 2018, yana tsaye wuri guda a sama, ana aika masa a gigahaz 2.4 a karɓa a gigahaz 10 da faranti irin na talabijin. Ya ce in kama ko harafi biyu ne in nace a kansu, kada in amsa wa wanda ban kira ba ko da ya fi kowa ƙarfi, don da zarar na yi haka sau ɗaya kowa zai koma ture. In abin ya fi ƙarfina in riƙa kira da alƙaluman da ke cikin lamba, masu 1, sannan masu 2. Ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Mai Dogon Waya:
Malam Mai Saurare, ashe da manya muke zaune. Kana ɗora rajistarka a LoTW, shafin tabbatar da tuntuɓa a intanet, ko sai katin shaida na QSL ta gidan waya? In zangon mita 10 ya buɗe ƙarshen makon nan zan neme ka wajen megahaz 28.400. Sabon Hannu ma lasisinsa ya ba shi damar magana daga 28.300 zuwa 28.500, in kulob ɗinsu na da rediyon gajeren zango ya roƙi aro.