Neman shawara: likita ya ce a sake ɗebo tsoka daga ƙarin Baba da wata allura dabam

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah likitocinmu na wannan zaure ku taimaka mini. Muna Alƙahira da Baba, sati na uku ke nan. Idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa kamar baƙin shayi, ƙaiƙayi ya hana shi barci. Hoton CT ya nuna ƙari a fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi), a ɓangaren da ake kira kanta. An zura masa na'urar nan ta baki mai haska ciki, aka tsira siririyar allura, FNA, aka zuƙo abin gwaji. Sakamako ya fito cewa abin bai isa a gane komai ba. Yanzu likita ya ce a sake da wata allura dabam, FNB, wadda ta fi tsada. Guzurinmu ya ja baya, Baba kuma ya galabaita. Akwai bambanci na gaske?

Wani likita: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Akwai bambanci, ɗan'uwa. FNA ƙwayoyin halitta take zuƙowa a warwatse, galibi haɗe da jini. Ƙarin fankiriyas kuwa yakan yi tauri, ƙwayoyin cutar na ɓoye cikin tsoka mai jijiya, don haka a kan fito hannu rabbana. Bakin FNB an ƙera shi ne ya yanko tsoka kamar ɗan guntun zare. Akwai mai tsini uku da ake kira Franseen, irin Acquire, akwai mai baki kamar cokali mai yatsu, wato SharkCore. Tsira biyu ko uku sukan wadatar. Da mahaifina ne, zan yarda.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ni da nake karɓar irin wannan a kwalba, na fi son zaren nan fari-fari. Da shi ake yin rini na musamman a bambance cutar kansa (daji) da wani kumburin fankiriyas da ake kira na IgG4 da ke kwaikwayonta, wanda magani ke kwantar da shi ba tare da tiyata ba. Ku tambaya ko an ajiye mai duban ƙwayoyin da aka zuƙo nan take a ɗakin aikin a karon farko. In babu shi, FNB ta fi dacewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ga an rubuta 22G, lambar allurar, a takarda. Ba babba ta fi ba? Baba kuma yana shan clopidogrel, maganin hana jini daskarewa.

Likitan: Lambar na hawa, allurar na sirancewa. 19G ta fi kauri amma ba ta lanƙwasuwa da sauƙi, kan fankiriyas kuwa ta farkon hanji ake isa gare shi, inda na'urar take a tanƙware. 22G daidai ce. Maganar clopidogrel ku kai wa likitansa yau, shi zai faɗi ranar dakatarwa, kada ku tsayar da kanku. Bayan aikin, in ciwon ciki ya tsananta ko zazzaɓi ya taso, ku koma asibiti a daren.