Tambaya kan binciken Farfesa Kelsey Harrison a Zariya

Ɗalibar Ungozoma:
Assalamu alaikum. Malamarmu ta ambaci Farfesa Kelsey Harrison a darasin ƙarancin jini ga masu juna biyu, ta ce duk mai shirin aiki a ɗakin haihuwa ya kamata ya san shi. Ina roƙon manya su fayyace mini ko wane ne shi, da abin da ya gano har ake ambatonsa zuwa yau.

Tsohon Likita:
Wa alaikumus salam, 'yata. Likitan mata da haihuwa ne, mutumin Abonnema a Jihar Ribas, an haife shi a 1933. A Ibadan ya fara bincike, kan matan da jininsu ya yi ƙasa ƙwarai har ƙarin jinin da ake yi musu kan fi ƙarfin zuciyarsu, ya nuna cewa haɗa shi da maganin sa fitsari mai saurin aiki yana rage wannan haɗari. Da ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa sun rubuta bayanan haihuwa 22,774 a jere tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ake kawowa bayan doguwar naƙuda, ko jijjiga ta kama su, ko jini ya ɓalle. Shi ya sa ya dage kan karatun 'ya'ya mata, domin waɗanda suka yi makaranta sun fi zuwa awo kuma sun fi tsira.

Maman Ɗakin Awo:
Ranka ya daɗe, bari in ƙara abin da ya fi taɓa zuciyata. Sun lura cewa 'yan mata masu ƙananan shekaru da ke ɗauke da cikin fari, idan aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini, wasunsu kan ƙara tsawo kafin su haihu. Ke nan yarinyar ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci ɗaya.

Malamin Ƙididdiga:
Ɗaliba, ki karanta shi da lura. Alƙaluman na asibiti ne, kuma matar da ba ta yi awo ba galibi sai abu ya ɓaci ake kawo ta, don haka ratar mace-mace da ke tsakanin masu zuwa awo da marasa zuwa ta fi yadda take a cikin gari. Waɗanda suka haihu lafiya a gida ba su shiga lissafin ba.