Wa Ya Cancanci Riƙe Ragamar Jama'a?

Malamin Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Ga tambaya ga ma'abota baiti, kuma amsa-amonmu shi ne "wa".

Da sunan Allah nake fara baiti,
Mai ba da mulki, kuma Mai karɓewa.
'Yan'uwa, wane ne ya cancanci ragama,
Wanda jama'a za su bi babu tilastawa?
Ni dai na ɗauko nawa a wurin Maghili,
Da ya zo zamanin Rumfa na mulkin Kanawa.
Ya gaya masa cewa tushen dukkan bala'i
Shi ne sarki ya ɓuya wa talakawa.
Don haka na zaɓi wanda ƙofarsa ke buɗe,
Mai kuka ya shiga, ba a korar kowa.

'Yar Gwammaja:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja kaɗan.

Buɗe ƙofa abu ne mai kyau, na yarda,
Amma ɓarawo ma yana iya buɗewa.
Ya tarbe ka da fara'a, ya ba ka kyauta,
Alhali kuɗin asibitinku yake rabawa.
Ni tsarkin hannu nake sawa a gaba,
Irin na Malam Aminu da muke tunawa.
Daga kafuwar jam'iyyar NEPU a shekarar 1950
Har rasuwarsa a 1983 ya ƙi tarawa.
Gidansa na nan unguwarmu, ku zo ku duba,
Ku gwada shi da na masu wawashewa.

Manomin Kura:
Hajiya, na ji bayaninki, sai dai mu da ke bakin gona muna da namu ma'auni.

Tsarkin hannu wajibi ne, ban musa ba,
Amma shi kaɗai bai hana amfani bushewa.
Shugaban da bai sata ba, bai kuma gina ba,
Ya bar mu inda ya same mu muna fafutikawa.
Audu Bako ya riƙe Kano daga 1967,
Kafin ya sauka a 1975 ya yi shukawa.
Ya tare ruwa a Bagauda, ya tare a Tiga,
Aka ja magudanai har filayen Kadawa.
Shinkafa da alkama da tumatir na rani
Da ruwan nan muke noma su, muna sayarwa.
Yaran da ba su taɓa ganin fuskarsa ba
Daga hangen nesansa ake ciyar da su da tufatarwa.

Dattijon Gwandu:
'Ya'yana, kowannenku ya kawo hujja, amma akwai abin da kuka tsallake.

Mai aiki da tsarki, in ba ya jin shawara,
Zafin zuciyarsa kan kai shi ga cutarwa.
Murtala jarumi ne, ba mai musun wannan,
Wata shida da 'yan kwanaki ya yi yana gyarawa.
Amma ma'aikata fiye da 10,000 aka sallama,
Wasu ba a tsaya jin uzurinsu ba kafin yankewa.
Rumfa da Malam ya ambata bai yi shi kaɗai ba,
Majalisar Tara ta Kano ya kafa domin tuntuɓawa.

'Yar Gwammaja:
Baba, na karɓi wannan. Kai kuma ɗan'uwana manomi, ga amsarka.

Da kuɗin dam ɗin ya tsaya a aljihun wani,
Da wane ruwa za ka yi ban-ruwan da kake yabawa?

Manomin Kura:
Kin kama ni, Hajiya, amma bari in ƙara ɗaya kafin Malam ya dawo.

Akwai halin da ba a yi wa kiɗa da guɗa,
Shi ne riƙon aikin da wani ya yi farawa.
Kowane sabo so yake a ga sunansa a allo,
Na magabacinsa kuwa ya bar shi yana lalacewa.
Ku je fadamun Haɗejiya ku ga ciyawar kachalla
Yadda ta cike hanyar ruwa tana toshewa.
Malam, in mai buɗaɗɗiyar ƙofar nan ya samu,
Ka ce masa magudananmu na jiran yashewa.