Dodon ruwa: abin da majalisarmu ta tsayar

Daren Juma'a a majalisarmu ta Ƙofar Mata, wani yaro ya nuna mana bidiyo a WhatsApp, wai Mokele-mbembe ne, dabbar nan mai dogon wuya da ake cewa tana tafkin Tele a Kongo. Musu ya kaure har mai shayi ya kashe wuta.

Malamin makarantar cikinmu ya ce kafin a yarda, a fara tambaya: ina ƙashi, ina kashi? Dinaso, manyan dabbobin nan na zamanin da, waɗanda ake cewa Mokele-mbembe irinsu ce, sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, amma har yau ana tono ƙasusuwansu a Gadufawa, cikin hamadar Nijar. Wadda ake cewa tana raye kuwa, ko haƙorinta ba a tsinta ba.

Aka kuma ce a tuna giwa in tana iyo, hanci take ɗagawa sama, daga nesa sai ka rantse wuya ne. Dorina, kada, har gungume cikin hazo, duk suna ruɗa ido.

Hoto ma kada a yi saurin turawa. Shahararren hoton nan na dodon tafkin Loch Ness da ke Scotland, na 1934, kai aka liƙa wa jirgin wasan yara.

Tatsuniyar dodo dai Baba Alhaji ya ce a bar wa yara abarsu, ita ke hana jikokinsa wanka a kududdufi.