Muhawara: Adireshin shafi a jikin buhu, ko lambar waya ta wadatar?

Mai casar shinkafa, Argungu: Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana 'yan kasuwa. Zan ba da aikin buga sababbin buhuna kafin kakar bana, kuma na yanke shawarar sa adireshin shafina na intanet a jikin kowane buhu, da rasit, da allon shago. Ra'ayina shi ne, ƙaramin ɗan kasuwar da ya tsaya a kan lambar waya kaɗai a wannan zamani yana rufe wa kansa ƙofar ciniki. Tun daga 2016, lokacin da gwamnatocin Kebbi da Legas suka haɗa hannu a kan shinkafar Lake Rice, mutanen kudu suka ƙara sanin Kebbi da shinkafa, kuma buhu yana isa inda mai shi bai taɓa taka ƙafa ba. Wanda ya ci ya ji daɗi a Ibadan ba zai tura kuɗi ga lambar da bai san mai ita ba, amma idan ya buɗe shafi ya ga hoton injin, da farashi, da lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da sunan asusun banki wanda ya yi daidai da sunan kasuwancin, hankalinsa zai kwanta. Gani ya kori ji.

Dillalin albasa, Aliero: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban raina tunaninka ba, amma ban yarda da shi ba. Na daɗe ina loda albasa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, kuma ban taɓa samun mai saye ko ɗaya ta hanyar rubutu ba. Wani ne yake gabatar da wani, a yi ciniki sau ɗaya a ga gaskiyarka, sannan a riƙe ka. Ka kuma duba mutanen da suke zuwa shagonka a Argungu: yawancinsu saƙon murya suke turawa a WhatsApp domin rubutun boko yana ba su wahala, wasu kuma sai sun yi lissafi kafin su sayi data. Mutumin da ke haddace lambobi goma sha ɗaya cikin sauƙi, kai kuma ka ce ya rubuta haruffan Turanci da ɗigo-ɗigo ba tare da kuskure ba, ka nisanta shi ne daga kanka.

Mai ɗinki da turaren wuta, Birnin Kebbi: Alhaji ya faɗi gaskiya a kan mutanen gida, sai dai ni abin da ya same ni daban ne, kuma ina so ƙanena na Argungu ya saurara da kyau kafin ya biya kuɗin bugu. Na taɓa ba wani yaro aikin buɗe mini shafi, ya yi shi da kyau, na buga adireshin a ledoji da katuna masu yawa, har na biya aka sanar da shi a rediyo. Mata daga Abuja da Kaduna sun same ni ta nan, wannan ba zan ɓoye ba. Bayan shekara guda shafin ya daina buɗewa, sai a lokacin na gane cewa da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar, ya kuma bar garin, wayarsa ba ta shiga. Ledojin suna nan a ɗaki da adireshin da ba ya kai kowa ko'ina, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne matar da ta kira ta tambaye ni ko na daina sana'a ne.

Malamin kwamfuta, Jega: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ki yana samun mutane da yawa, domin ba a bayyana musu cewa adireshin intanet haya ne, ba saye ba. Ana biyan kuɗinsa shekara-shekara, idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba sai shafin ya tsaya, bayan wani lokaci kuma wani dabam yana iya karɓar sunan. Adireshin da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da ke kula da rajistar adiresoshin intanet na Najeriya, ana yin rajistarsa ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma da naira ake biya. Sharaɗin farko shi ne rajistar ta kasance da sunan mai kasuwanci da imel ɗinsa, kalmar sirri kuma tana hannunsa, ko da wani ne ya gina masa shafin.

Game da damuwar Baba Alhaji, rabin matsalar a zaɓin suna take. Sunan ya zama gajere, wanda idan an faɗe shi sau ɗaya a rediyo ko a tasha mutum zai iya rubutawa, kuma a guji kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ, domin mai saye zai yi ta shakkar yadda zai rubuta su. Ana kuma iya buga tambarin QR a gefe, wanda kyamarar waya take karantawa ta buɗe shafin ba tare da an rubuta komai ba. Dalilin da ya sa nake goyon bayan Yaya na Argungu shi ne, a ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya kusan awa shida a duniya baki ɗaya, kuma ko ba haka ba, kamfanin da ya mallake su yana iya rufe asusun mutum a dandalinsa, musamman mai watsa talla ga waɗanda ba su nema ba. Adireshinka kuwa naka ne muddin kana biyan hayarsa.

Dillalin albasa, Aliero: Malam, tunda ka kawo 2021, ka tuna da makwabtanmu na Zamfara a watan Satumba na shekarar, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda matsalar tsaro. Shafi bai buɗe ba, waya ba ta shiga ba. Abin da ya riƙe ciniki shi ne direban da ya san ƙofar shagonka da abokin hulɗar da ya yarda ya ba ka kaya bashi. Ban ce kada a buga ba, amma a daina cewa wanda bai buga ba ya rufe wa kansa ƙofa.

Mai ɗinki da turaren wuta, Birnin Kebbi: A nan ina tare da Alhaji. Akwai kuma abin da ba a taɓo ba: shafin da farashinsa na bara ne ya fi rashin shafi illa, domin mai saye zai ɗauka yaudararsa aka yi. Ƙanena, farashin buhu yana canzawa cikin mako guda, wa zai riƙa gyara maka shi, kuma wa zai amsa saƙon da ya shigo da dare?

Mai casar shinkafa, Argungu: Na janye kalmar rufe ƙofa, Baba, domin na yi gaggawa a kanta, amma ban janye cewa baƙon da ke nesa yana bukatar abin da zai gani kafin ya yarda ba. Hajiya, ni da kaina zan riƙa gyara farashin duk ranar Litinin, kuma gobe zan duba da sunan wa aka yi rajistar, domin ban taɓa tambaya ba. Lambar waya za ta zauna da manyan haruffa a sama, adireshin a ƙarƙashinta, kuma duk sabon mai saye zan tambaye shi inda ya same ni in rubuta a littafi har ƙarshen kaka.

Dillalin albasa, Aliero: Ka kawo littafin mu gani tare. Ka kuma ware layi guda na waɗanda za su ce maka wani ne ya turo su.