Gyaran wuta da ake ɗagewa: wa ya taɓa ƙin tashi?

Mataimakin matuƙi, Garwa:
Assalamu alaikum manya. Makon jiya na hau jirgi da asuba, na buɗe littafin gyara, sai na ga janaretan injin hagu ya ɗauke a sama sau 3 cikin mako 2. Ƙarƙashin kowane rahoto amsa ɗaya ce: an gwada a ƙasa, lafiya lau. Ba a taɓa sa shi cikin MEL ba, wato jerin kayan da aka yarda jirgi ya tashi da su a lalace na ƙayyadadden lokaci, balle kwanakinsa su fara ƙirguwa. Komanda ya karanta, ya sa hannu, muka tashi. Kafin mu wuce Ngaundere ya sake ɗaukewa. Mun sauka lafiya, amma raina bai kwanta ba. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Makanike, Njamena:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada a yi mana kuɗin goro. Ɗage gyara halas ne, don haka aka yi MEL ɗin: rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120, shi kuwa A da nasa sharaɗin a rubuce. Inda ake cuta shi ne abin da ka gani. Matsalar waya takan ɓuya idan jirgi na tsaye, sai ya hau sama ya yi sanyi, ya girgiza, sannan ta fito. To sai a rufe rahoto yau, gobe a buɗe sabo, lissafi ya koma farko. Ni ma an taɓa tsare ni in sa irin wannan hannun saboda kayan gyara ba su iso ba. Na ƙi. Wata 2 ina aikin dare.

Ma'aikaciyar jirgi, Marwa:
Mu na baya ba mai nuna mana littafi, hanci ne littafinmu. Akwai jirgin da tandar ɗumama abinci take tayar da bireka, wato maɓallin da ke katse wuta idan ta yi yawa, kullum. Wadda ta girme ni a aiki ta ce, "Danna kawai, haka yake yi." Ran nan na danna, sai wani wari ya taso kamar kifi ya ƙone a kasko. Na taɓa bangon wajen da bayan hannu, da ɗumi. Na kashe komai na kira gaba. Fasinjoji suka sha biskit da ruwa, wani Alhaji har da yi mini faɗa. Da aka kwance a ƙasa, rigar wayar ta yi baƙi ƙirin.

Komanda mai ritaya, Garwa:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma dannawar farkon ma ba taki ba ce. Bireka ba ya tashi don wasa. A 1983 jirgin Air Canada, DC-9, ya taso daga Dallas, bireka 3 na injin ban-ɗakin baya suka tashi, aka yi ta ƙoƙarin mayar da su. Can sai hayaƙi. Sun samu sun sauka a Cincinnati, amma mutum 23 ba su fito ba.

Nawa labarin a lokacin jigilar alhazai ne, rana kamar ta fasa kai. Janareta ɗaya an ɗage shi bisa ƙa'ida, sharaɗinsa kuwa na ƙaramin injin wutsiya, wato APU, ya kasance lafiya, ya yi ta aiki har a sauka. Da na duba shafin baya sai na tarar shi ma APU ɗin an ɗage nasa janaretan kwana 2 da suka wuce. Kowace takarda ita kaɗai tsaf take. Haɗa su, saura janareta ɗaya tal da batir, ga hamada a gaba. Na ajiye biro. Wayata ta yi ta ƙara, wani babba ya ce in tuna mutane sun kwana a filin jirgi, tsofaffi na kwance bisa tabarmi. Na san da su, na wuce ta gabansu da zan shiga. Na ce ya aiko mini umarnin a rubuce da sunansa. Har yau bai iso ba.

Mataimakin matuƙi, Garwa:
Baba, kai komanda ne. Ni da nake kujerar dama, kwantiragina na shekara ɗaya, in ce me?

Makanike, Njamena:
Ka ce a kira makanike a buɗe shafukan baya a gabanka, wannan haƙƙinka ne. Sannan ka rubuta rahoton tsaro. In kamfani ya danne, akwai hukumar kula da sufurin jiragen sama: ku a Kamaru kuna da CCAA, mu nan Cadi ADAC.

Ma'aikaciyar jirgi, Marwa:
Yaya, in ka rubuta ka riƙe kwafi. Nawa na tandar nan sau 2 ana ce mini ba a gan shi ba.

Mataimakin matuƙi, Garwa:
Na gode. Jibi ma jirgin nan aka ba ni. Zan je da wuri in ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin rahoto na 4.